Waiwaye: Yarinyar da ta fito daga rumbu da rigimar masoya The Walking Dead

An rufe shirin talabijin na Amurka The Walking Dead mai dogon zango, labarin waɗanda suka tsira a duniyar da matattu suka tashi suna cin masu rai, a ranar 20 ga Nuwamban 2022, bayan zango 11 da kashi 177, amma har yau masoyansa ba su daina ja-in-ja a kansa ba, kuma duk lokacin da aka saki sabon zango na ɗaya daga cikin rassan da suka tsiro daga jikinsa, sai a fama tsohon gyambo. Akwai reshen da ya kai Daryl, ɗaya daga cikin jaruman shirin, ƙasar Faransa, daga bisani ya zarce da shi Sifaniya. Akwai kuma wanda ya haɗa Maggie da Negan a birnin New York, wato mace da mutumin da ya kashe mata miji a gaban idonta, larura ta sa suna tafiya tare. Wani ɓangare na masu kallo yana ganin wannan haɗi cin fuska ne ga mamacin da ma waɗanda suka yi kukan mutuwarsa, wani ɓangaren yana ganin a nan ne kaɗai sauran ɗanɗanon labarin ya rage, akwai kuma waɗanda suka riga suka yanke hukunci cewa shirin ya zama gawa ta ƙi rami, gara a ƙyale shi ya kwanta.

Tambayar da ke ƙarƙashin wannan ce-ce-ku-ce ita ce, yaushe ne shirin ya fara fita daga ran mutane? Amsar da aka fi ji ita ce daren 23 ga Oktoban 2016, lokacin da Negan ya ɗaga kulkinsa da aka naɗe da waya mai ƙaya ya farfasa kan Abraham, sannan ya juya kan Glenn, mijin Maggie. Wasu suna cewa mutuwar yaro Carl ce a farkon 2018, wasu kuma ficewar mahaifinsa Rick, babban jarumin shirin, a ƙarshen wannan shekarar. Duk waɗannan ranaku ne da ɓacin rai ya fito fili, ban musanta ba. Sai dai ruwa ba ya tsami banza, kuma a ganina an dasa wannan rigima ne shekara biyar kafin kulkin Negan, a wani wuri da kusan kowa ke yabawa, shi ya sa ma ba a cika waiwayarsa ba idan ana neman tushen matsalar.

Asalin labarin sananne ne. Robert Kirkman ya fara fitar da shi a matsayin littafin labarin zane a watan Oktoban 2003, kamfanin Image Comics yana bugawa cikin baƙi da fari, Tony Moore ya zana fitowa 6 na farko, Charlie Adlard kuma ya karɓa har zuwa ƙarshe. Labarin wani ɗan sanda ne mai suna Rick Grimes da aka harba a bakin aiki, ya farfaɗo daga doguwar suma a asibiti ya tarar duniya ta kife, matattu sun tashi suna yawo suna cin naman masu rai. Waɗannan halittu da ake kira zombi sun sha bamban da fatalwar da muka sani a tatsuniya, domin su jiki ne mai ruɓewa wanda babu hankali a cikinsa, kuma ba ya tsayawa sai an lalata ƙwaƙwalwarsa. Tun farko marubucin ya bayyana cewa burinsa labari ne wanda ba zai tsaya a inda finafinan irin wannan ke tsayawa ba, zai ci gaba da bin waɗanda suka tsira shekara da shekaru. Tashar AMC ta Amurka ta fara nuna shirin a ranar 31 ga Oktoban 2010, Frank Darabont ne ya tsara shi, ɗan wasan Ingila Andrew Lincoln ya fito a matsayin Rick, kuma mutum sama da miliyan 5 suka kalli kashin farko. Zangon na ɗaya kashi 6 ne kacal.

Tun a wancan lokaci masu kallo sun kasu gida biyu, waɗanda suka karanta littafin da waɗanda ba su taɓa buɗe shi ba, kuma zamansu ya kasance na lumana matuƙar na farkon sun kame bakinsu ba su fasa ƙwai ba. Shirin ya ɗan kauce wa littafin nan da can. An ƙirƙiro Daryl da yayansa Merle, waɗanda babu su a takarda, an kuma bar Shane, abokin aikin Rick, da rai alhali a littafin tun a fitowa ta 6 yaro Carl ya harbe shi. Amma duk wannan ƙari ne a kan abin da ake da shi. Amy ta mutu a littafi ta mutu a talabijin, haka ma Jim. Wanda ya karanta yana riƙe da taswira a hannunsa, ya san inda hanya za ta bi ko da an ɗan yi ratse, wanda bai karanta ba kuma idan hankalinsa ya tashi yana da wanda zai tambaya.

Zango na biyu ya buɗe a ranar 16 ga Oktoban 2011 a kan wata babbar hanya da motoci suka cunkushe a jihar Jojiya. Ayarin matattu ya biyo ta wurin, mutanen Rick suka shige ƙarƙashin motoci suna riƙe numfashi, sai biyu daga cikin halittun suka hango Sophia, 'yar Carol, yarinya 'yar shekara 12, ta ruga cikin daji. Rick ya bi ta ya cim mata, ya ɓoye ta a bakin rafi ya ce ta jira, ya ja matattun nesa ya kashe su, da ya dawo bai same ta ba. Daga nan aka shiga nema, kuma neman ya ci kashi bakwai cur. A cikinsa ne wani maharbi mai suna Otis ya harbi Carl bisa kuskure yana kallon barewa, abin da ya kai su gonar Hershel, dattijon likitan dabbobi mai riƙo da addininsa, wanda ya yi imani cewa waɗannan halittu mutane ne marasa lafiya da wata rana za a samo musu magani. A cikinsa ne kuma Daryl ya shiga daji shi kaɗai, ya faɗa kwazazzabo, kibiyarsa ta soke shi a gefen ciki, ya dawo jina-jina ɗauke da 'yar tsanar yarinyar.

Waɗanda suka bi shirin mako-mako a wancan lokaci sun yi ta ƙorafi. An ce labarin ya tsaya cik a gona, an ce hira ta yi yawa matattu sun yi kaɗan, an ce a nemo yarinyar ko a haƙura da ita a wuce gaba. Masu karatun littafi su ne suka fi ƙosawa, domin sun san Sophia tana nan da ranta a takarda bayan an daɗe da wuce gonar, don haka a wurinsu neman ba shi da wani abin fargaba, ɓata lokaci ne kawai kafin a same ta.

Sai ranar 27 ga Nuwamban 2011. A gonar akwai wani babban ɗakin katako na ajiyar ciyawa da kayan noma, mu kira shi rumbu, wanda Glenn ya gano cewa Hershel ya tara matattu a cikinsa, har da matarsa da ɗanta, ana jefa musu kaji suna ci. Shane ya fusata, ya raba bindigogi, ya ɗauki wani ƙarfe ya ɓalle kwaɗon ƙofar. Matattun suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya ana harbe su, Hershel yana durƙushe a ƙasa yana kallon iyalinsa da maƙwabtansa suna zubewa. Da aka gama wurin ya yi tsit, sai aka ji wani ɗan gurnani daga cikin duhu. Ƙananan ƙafafu suka bayyana a bakin ƙofa, yarinya ta fito a hankali cikin shuɗiyar riga mai zanen bakan gizo, da tabon cizo a gefen wuyanta. Carol ta zabura da gudu tana kiran sunanta, Daryl ya riƙe ta suka zube ƙasa tare. Shane, wanda ya yi ta kumfar baki cewa shi ne mai iya yin abin da ya kamata, ya sandare. Rick ne ya tako gaba ya ɗaga bindiga. Daga baya aka fahimci cewa tun farko-farkon neman yarinyar ta riga ta mutu, tana cikin rumbun nan, 'yan taku kaɗan daga inda mahaifiyarta ke kwana tana jiran labari.

Ni ban kalli wannan kashi a makon da ya fito ba. Bayan watanni ne na karɓo zangon gaba ɗaya a wurin masu tura finafinai, muka zauna da ƙanena a gaban kwamfuta muna ci kashi biyu ko uku a dare. Tun a kashi na uku ya fara damuwa, yana tambayata, "Yaya, anya za su same ta kuwa?" Ni kuma da yake na riga na bi labarin littafin, na ce masa ya kwantar da hankalinsa, yarinyar nan ba inda za ta je. Lokacin da ta fito daga rumbun bai ce uffan ba har sai da hoton ya ɗauke, sannan ya juyo ya dube ni ya ce, "Yaya, kai ka ce ba za ta mutu ba." Ban sami abin da zan ce masa ba, domin abin da na dogara da shi ne ya karye a gabanmu. Washegari da muka zauna ci gaba, tambayar da ya fara yi ita ce, "To yanzu wa zai biyo baya?" Na daɗe ina tuna wannan tambaya, domin ita ce ta mamaye bakin miliyoyin masu kallo tun daga ranar har shekara goma.

A matsayin aikin fasaha, fitowar Sophia daga rumbu ba ta da makusa, kuma har yau idan ana lissafa wuraren da shirin ya fi taɓa zuciya ba a tsallake ta. Kyawunta ne ma ya ba ta ƙarfin sauya yadda ake kallon shirin. Abu na farko da ta yi shi ne yaga taswirar da ke hannun masu karatu. A littafin ma akwai rumbun Hershel da matattun da ya tara, amma Sophia ba ta cikinsu. Da shirin ya kashe yarinyar da takarda ta bari da rai, sai gidajen nan biyu suka koma gida ɗaya, babu mai sani babu jahili, kowa yana zaune a kan ƙaya. Wannan ya yi daɗi matuƙa a lokacin, har ya zama abin tinƙahon masoya cewa a wannan shiri babu wanda ya tsira daga mutuwa. Abin da ba a lura da shi ba shi ne, idan aka ɗora darajar labari a kan cewa kowa na iya mutuwa, to mutuwar ce za ta zama ma'aunin da ake auna kowane kashi da shi.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan zurfi. Mutanen da suka shafe mako shida suna ƙorafin jinkirin gona, a dare ɗaya da yawansu suka yafe, suka ce ashe jiran ya biya. Wannan kalma ta biya ita ce ta fi damuna, domin ta nuna irin cinikin da muka ƙulla da labarin ba tare da mun sani ba: za mu yi haƙuri da hira da tafiya da zaman jugum, amma bashi ne muka bayar, kuma gawar wani da muka sani ce kuɗin biya. Alhali abin da ke cikin waɗannan makonni shida ya fi ƙarfin a kira shi jira. A gonar ne aka yi muhawara mafi nauyi da shirin ya taɓa ɗaukowa. Hershel yana cewa wanda ka sani jiya ba ya zama dabba don ya kamu da cuta, Shane yana cewa duk wanda ya ɓata a daji ya riga ya tafi, kada a salwantar da rayayyu saboda shi, Dale, dattijon ayarin, yana faɗakarwa cewa idan aka zubar da mutuntaka don a rayu to ba a tsira da komai ba, Rick kuma yana tsakiya yana jin nauyin cewa shi ne ya bar yarinyar a bakin rafi. Fitowar Sophia amsa ce ga wannan muhawara, amsa mai ɗaci wadda ta ba Shane gaskiya a kan neman, ta kuma nuna wa kowa abin da Hershel yake ji, tun da babu wanda ya iya ɗaga bindiga da sauƙi lokacin da matacciyar ta zama tasu. Amma girgizar ta rinjayi ma'anar. Abin da aka ɗauka aka tafi da shi gida shi ne mamaki, kuma mamaki abu ne da ba ya maimaituwa da ƙarfi ɗaya, kullum sai an ƙara masa gishiri.

Yanayin lokacin ma ya taimaka wajen kafa wannan ɗabi'a. Bayan kashin rumbu shirin ya tafi hutun tsakiyar zango, bai dawo ba sai 12 ga Fabrairun 2012, mako goma sha ɗaya ke nan masoya suna tattauna gawa ɗaya. A wannan zangon ne kuma aka fara shirin hira na Talking Dead, inda ake zama bayan kowane kashi a tattauna abin da ya faru, a kuma yi bankwana da waɗanda suka mutu. Twitter da Facebook sun riga sun zama dandalin da ake kallo tare, kowa yana rubuta abin da ya ji a daidai lokacin da yake gani. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da aibu a karan kansa. Haɗuwarsu ce ta mayar da daren Lahadi wani irin zaman makoki na mako-mako, wanda ake zuwa da tsammanin za a yi rashi, idan kuma ba a yi ba a tashi ana cewa kashin bai yi armashi ba.

Neman Sophia ya haifi wani abu na daban wanda ya ci karo da na farkon kai tsaye. Kafin wannan zango Daryl ɗan tsurku ne mai zafin kai da ba a damu da shi sosai ba. Shigarsa daji neman 'yar da ba tasa ba, da furen da ya tsinko ya kai wa Carol don ya ƙarfafa mata gwiwa, su suka mayar da shi ɗan lelen masu kallo, har aka wayi gari ana buga riguna ɗauke da gargaɗin cewa idan Daryl ya mutu za a yi bore. Carol ma haka. A littafin mace ce mai rauni da ta mutu tun lokacin da ayarin ke fake a wani gidan yari, ta bar 'yarta a hannun wasu. A talabijin an juya abin, uwa ta rayu 'ya ta mutu, kuma wannan rashi ne ya ƙera Carol ta zama jarumar da ta tarwatsa sansanin masu cin naman mutane na Terminus ita kaɗai ta ceto 'yan uwanta a farkon zango na biyar. Ke nan daga rumbu ɗaya masoya suka fito da buƙatu biyu da ba sa zama inuwa ɗaya. Suna so a ci gaba da nuna musu cewa babu wanda ya gagari mutuwa, suna kuma so a bar musu nasu. Duk labarin da aka ɗora wa waɗannan kaya biyu, ko ba jima ko ba daɗe sai ya saɓa wa ɗaya.

Shekarun da suka biyo baya sun wuce a kan wannan turba, kuma da yake jama'a na ta ƙaruwa babu wanda ya ga alamar haɗari. Dale da Shane suka tafi a 2012, Lori matar Rick ta mutu wurin haihuwa a wannan shekarar, Andrea ta bi su a 2013 alhali a littafin ta daɗe har ta zama abokiyar zaman Rick. Kashin da ake tafiya hutu a kansa ya zama ranar da aka san za a yi zubar da jini: an sare wuyan Hershel a Disambar 2013, an harbe 'yarsa Beth a ƙarshen Nuwamban 2014, har dubban masoya suka sa hannu a takardar koke ta intanet suna neman a dawo da ita. Kashin farko na zango na biyar, a ranar 12 ga Oktoban 2014, ya tara masu kallo miliyan 17.3 a Amurka, adadin da shirin bai taɓa wucewa ba. A daidai wannan ganiya ce hira a kan shirin ta fi ƙanƙancewa, ta koma hasashen wanda zai mutu da lissafin wanda ya rage.

Daga nan igiyar ta fara tsinkewa. A watan Oktoban 2015 aka nuna Glenn ya faɗo daga kan wata ƙatuwar bolar ƙarfe cikin tarin matattu, ana ta yagar hanji a kan ƙirjinsa. Masoya suka yi makoki na mako huɗu, sannan aka bayyana cewa hanjin na wani mai suna Nicholas ne wanda ya faɗo a kansa, shi kuwa ya ja jiki ya shige ƙarƙashin bolar ya tsira. Maimakon murna, da yawa haushi suka ji, domin sun riga sun biya kuɗin kuka. A ranar 3 ga Afrilun 2016 Negan ya bayyana, ya jera mutanen Rick a durƙushe, ya zaɓi ɗaya ya buga, aka rufe zangon ba a nuna ko wane ne ba. Wata shida da 'yan kai aka yi ana tafka muhawara a kan tambayar nan ta ƙanena, ana bin inuwar bishiya da kusurwar hoto don a gano wanda aka buga. Da amsar ta zo a watan Oktoba, mutum miliyan 17 ne suka zauna kallo. Mako ɗaya bayan haka adadin ya sauka zuwa kimanin miliyan 12 da rabi, kuma bai sake komawa inda yake ba.

Abin lura a nan shi ne, mutuwar Glenn tana cikin wuraren da shirin ya fi bin littafin sau da ƙafa. Haka Negan ya kashe shi a fitowa ta 100 da aka buga a 2012, da kulkin nan, a gaban Maggie tana ɗauke da juna biyu. Masu karatu sun shafe shekara huɗu da sanin haka. Amma tun daga rumbu an koya wa kowa cewa takarda ba ta da tabbas, don haka har su ma suka sa rai za a kauce, musamman da aka fara da Abraham, wanda a littafin kibiya ce ta kashe shi tun kafin wannan dare. An ɗauka an biya bashin da shi, sai kulkin ya sake sauka. Ba na raina hujjar waɗanda suka ce munin abin da aka nuna ne ya kore su, domin hoton ya yi tsanani ƙwarai, kuma Glenn shi ne mutumin kirkin da ya rage tun zangon farko, wanda ya fara ceton Rick a Atlanta. Haka nan raguwar adadin ba ta rasa nasaba da yadda jama'a suka riƙa barin kallon tasha suna komawa kallo ta intanet a lokacin da suka ga dama. Duk da haka, wanda ya shekara biyar yana zuwa don ya ga wa zai mutu, ranar da aka ba shi amsa mafi girma, babu sauran abin da zai dawo da shi mako mai zuwa. Na lura cewa waɗanda suka kalli shirin a jere daga baya, ba tare da hutun watanni da hasashen mako-mako ba, sukan wuce wannan dare da baƙin ciki amma su ci gaba, kuma da wuya ka ji suna kukan jinkirin gona.

Mutuwar Carl a watan Fabrairun 2018 ta tayar da ƙura iri ɗaya, kuma hujjar masu fushi tana da ƙarfi. Sun ce duk wahalar da Rick ya sha don ɗansa ya gaji sabuwar duniya ce, idan aka cire yaron an cire dalilin tafiyar. Rick kansa ya bar shirin a watan Nuwamban wannan shekarar, jirgi mai saukar ungulu ya tafi da shi. Sai a watan Yulin 2019 littafin ya ƙare ba zato ba tsammani a fitowa ta 193, aka ga inda marubucin ya nufa tun da daɗewa. Rick ya mutu, shekaru sun shuɗe, duniya ta fara komawa hayyacinta, Carl ya girma ya zama magidanci yana karanta wa 'yarsa labarin kakanta. Matar da yake aure kuwa ita ce Sophia. Masoya sun yi ta cewa kashe Carl ne ya hana shirin samun wannan kyakkyawan ƙarshe, kuma gaskiya ne, sai dai rabin wannan ƙarshe ya riga ya faɗi a ƙofar rumbun Hershel tun 2011, a daren da aka yi ta tafi.

Shirin ya ci gaba har zango na goma sha ɗaya, masu kallon kashin ƙarshe a tasha ba su kai miliyan 3 ba, kuma daga cikin waɗanda suka tsaya a gaban rumbu a wancan rana, Daryl da Carol suna cikin 'yan kaɗan da suka kai ƙarshe da ransu. A zango na biyu na reshen Daryl, wanda aka fara nunawa a watan Satumban 2024, Carol ta tashi neman abokin nata, ta gamu da wani matuƙin ƙaramin jirgin sama mai suna Ash wanda shi ma ya rasa ɗansa. Don ta shawo kansa ya tsallaka da ita teku, sai ta ce masa tana da 'ya mai suna Sophia wadda mahaifinta ya tafi da ita Faransa kafin duniya ta rikice, kuma tana sa ran har yanzu tana raye. Masoya sun sake rabuwa a kan wannan ƙarya, wasu suna cewa Carol ta zubar da girmanta da ta yi amfani da sunan matacciyar 'yarta, wasu suna cewa wannan ne karon farko cikin shekara goma sha uku da aka bar ta ta tsaya ta fuskanci abin da ta gani a ƙofar rumbun.